Numfashin Gansakuka

An cike kududdufinmu. Ban sani ba sai kwanan nan, da ɗana ya ɗauko ni daga asibiti, na ce masa tunda Allah ya sa mun fito, ya bi da ni ta Ƙofar Marke in ga unguwarmu. Ya yi ta ƙunƙuni wai akwai cunkoso, amma dai ya bi. Da muka iso daidai inda na san ruwa yake, sai na ga jerin shaguna masu rufin kwano, wannan na gyaran waya, wancan na sayar da ruwan leda. Na sa ya tsaya, na yafito wani mai shago, na tambaye shi yaushe aka cike kududdufin nan. Ya dube ni, ya dubi ɗana, ya ce Hajiya, nan ba a taɓa yin ruwa ba, a unguwar nan aka haife shi. Na sa masa albarka muka wuce. Har muka iso gida Arkilla ɗana yana ta waiwayena, yana zaton ciwon numfashina ne ya tashi.

Ba wani kyakkyawan ruwa ba ne, kada wani ya ɗauka tafkin sarauta nake wa kuka. Rami ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, duk gidajen unguwarmu daga cikinsa suka fito. In damina ta sauka sai ya cika, kwaɗi su tare a ciki su hana kowa sakat, kafin a yi nisa gansakuka ta rufe fuskarsa, kore shar, mai yauƙi. Mata ba sa wanki da shi, ko jaki sai ƙishi ya ci ƙarfinsa yake sa baki. Mu yara an hana mu zuwa, shi ya sa kullum muna can. Da hantsi unguwa cike take da ƙara: daka daga kowane gida, kukan shanun da ake korawa kara, kasuwar dabbobi, baƙi masu ziyarar Hubbare, makwancin waliyyai, suna wucewa da butocinsu suna tambayar hanya. Amma in rana ta take, irin ranar Sakkwato da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, komai sai ya yi tsit. A lokacin ne in ka tsuguna a bakin ruwan za ka ga ƙananan kumfa sun maƙale a jikin gansakukar kamar tsakiyar adon mata, suna taruwa har su ɗago ta sama. Mu muna cewa miyan kwaɗi ne. Manya kuwa cewa suke yi ƙazanta ce ke tafasa. Yaran yanzu ba su da irin wannan zaman banza, da sun tsuguna minti ɗaya sai a miƙa musu waya.

Gidanmu ba mai yawan jama'a ba ne. Baba fataucin shanu yake yi, in ya bi garke kudu sai mu yi watanni ba mu ga ƙeyarsa ba. Yayana namiji yana makarantar Midil, can yake kwana, sai hutu ko wata Juma'ar a bar shi ya leƙo. Saura ni, da Inna, da Goggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu tun rasuwar mijinta, kuma ita ke riƙe da gidan in Baba ba ya nan. Inna na da ciwon da muke kira huka, Kanawa su ce fuka, likitocin yanzu su ce asma. Tun ina ƙarama na san ƙarar ƙirjinta fiye da yadda na san muryarta, wani siririn fito ne da ke fita tare da kowane numfashi. In ina wasa a tsakar gida kunnena ɗaya na wajensa. In ya yi ƙarfi in tsorata, in ya yi shiru in fi tsorata.

Shekarar da ciwon ya tsananta, Goggo ta yanke hukunci cewa iska ce ke tayar da shi, don haka kada iska ta taɓa Inna. Ba mugunta ba ce, Allah ya jiƙan Goggo, mijinta ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, kuma har ta mutu tana ganin fitar da ya yi da sanyin safiya ce sila. Aka toshe 'yar tagar ɗakin Inna da tsumma, aka saki asabari aka ƙara zane a kansa. Kasko kullum da garwashi, ana zuba hayaƙi iri-iri, wanda malam ya bayar da wanda maƙwabta suka kawo. An sha rubutu, an sha zuma da man shanu, an sha saiwoyi masu ɗaci. Inna, matar da a da ita ke fara daka a unguwa, ita ke zama bakin murhu tana ba mutane dariya, ta koma kwance cikin duhu, ko kaɗin audugarta ba ta gani balle ta yi. Ni ce mai shiga da fita, in kai mata kunu, in fitar da kwano. Ƙawayena sun gaji da kirana wasa sun daina. In na gama aiki sai in tafi bakin kududdufi in zauna ni kaɗai, don can ne kawai ba na jin fiton ƙirjin nan.

Can Yaya ya same ni wata Juma'a. Ya zo da wata kwalba mai faɗin baki da ya roƙo a wani kanti, yana ta rawar kai irin ta ɗan makarantar da ya koyo sabon abu kuma ba shi da wanda zai nuna wa sai ƙanwarsa. Ya naɗe wando ya shiga ruwan, ya cika kwalbar da ruwa da gansakuka har baki, muka dawo gida ina bin sa ina toshe hanci. Ya zuba ruwa a tasa, ya rufe bakin kwalbar da tafin hannu, ya kife ta a ciki, ya ɗora tasar bisa katangar da rana ke duka. Ya ce in zuba ido. Ba a jima ba sai ga kumfan nan da na sani suna ɓallewa daga jikin gansakukar ɗaya bayan ɗaya, suna hawa, suna taruwa a gindin kwalbar da ya koma sama. Kafin la'asar wuri ya buɗe a can, babu ruwa, sai wani abu da ido ba ya gani. Yaya ya ɗauko tsinken tsintsiya ya kunna a murhu, ya hure wutar har ya rage ɗan ja a bakinsa. Ya juyo kwalbar a hankali, ya ɗaga tafinsa kaɗan, ya zura tsinken. Wallahi da idona na gani, jan nan da ke shirin mutuwa ya yi haske, ya farfaɗo.

«Kin gani?» in ji shi. «Wagga gansakukar da kuke ƙyama, ita da itace da haki, su ka yi muna iskan da muke shaƙa. Numhwashi takai.»

Ya yi ta bayani, wai malaminsu ya ce iska kashi-kashi ce, akwai wadda wuta ke ci da ita, kuma ita ce dai wadda mutum ke rayuwa da ita. Ni ban ji sauran ba. Abu ɗaya ya shiga kaina ya zauna: ga abin da Inna ke nema ta rasa, ga shi kuma banza a bayan gidanmu, ba mai so. Kafin magariba Yaya ya koma makaranta, ya bar mini kwalbar.

Washegari na ɗebo sabuwar gansakuka, na yi duk yadda ya yi, sai dai ban ɗora bisa katanga ba. Na ce me ya kai ni ajiye ta nesa da mai bukata? Na faki idon Goggo na shige da tasar ɗakin Inna, na tura ta ƙarƙashin gado, daidai saitin kanta. A tunanina za ta yi ta numfashi a can, Inna na shaƙa. Na yi ta leƙawa, ina laluba kwalbar in fito da ita bakin ƙofa in duba. Ko kumfa ɗaya babu. Na ce wataƙila baƙunta take yi. Na bar ta ta kwana, ta sake kwana. Koren ya fara dusashewa, ruwan ya soma wari. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Yaya na bayan katangar makaranta, Baba na kudu, Goggo in ta ji sai ta ci mini mutunci, kuma a raina na gama yarda cewa abin nan ya yi wa tsinken tsintsiya numfashi amma ya ƙi uwata.

Inna ce ta kama ni. Mai huka ba abin da ke wuce hancinta. Ta ce me ke ruɓa a ɗakin nan, ta ce in jawo abin da nake ta turawa ƙarƙashin gadonta, tana ji na. Na jawo, na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da tsinken. Ta saurara, tana hutawa tsakanin numfashi. Sannan ta tambaye ni, ran da abin ya yi, ina Yaya ya ajiye tasar? Na ce bisa katanga. Ta ce cikin inuwa ko cikin rana? Na ce cikin rana. Sai na ji gadon na motsi, na zaci shiɗewa za ta yi, ashe dariya ce, ta yi ta har tari ya sarƙe ta.

«Ashe ba ta son duhu, awa ni,» ta ce. «Ɗebo wata ki hidda ta waje. Ni ma ki hidda ni.»

Goggo ta tare ƙofa. Ta ce ba da ita ba, ba za ƙanenta ya dawo ya tarar ta kashe masa mata ba, ta kira ni ja'ira mai kwaso ƙazanta, ta ce ga amfanin boko nan, yaro ya je ya koyo wasa da ruwan kwaɗi. Inna ba ta yi gardama ba, ba ta da numfashin gardama. Ta dai zauna a bakin gado, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce wa Goggo a hankali cewa ta yi biyayya ta sha duk abin da aka ba ta, amma in mutuwa ce, tana so ta same ta inda take ganin fuskar ɗiyarta. Sai Goggo ta juya ta fita, muka ce shi ke nan ta yi fushi. Can sai ga ta da babban gwadonta na saƙi, wanda ko taɓawa ba ta bari a yi. Ta naɗe Inna da shi har kunne, tana faɗa, ta ture ni gefe wai zan kayar da ita, ta tallabe ta da kanta har gindin katanga. Ba ta daina mita ba har ta gama gyara mata matashi.

Tun daga ranar, in hantsi ya yi, sai a shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar katanga, tasa kuma a rana inda idonta ke kaiwa. Ta koma kaɗi kaɗan-kaɗan. Mata suka dawo shigowa gaisuwa suna zama, tunda yanzu ba hayaƙin da zai kore su. Ita ke lura da kwalbar fiye da ni, ita ta gane in hadari ya rufe rana kumfan na raguwa, in ya wuce su dawo. Takan ce mini in zo in ga mutanenta sun tashi aiki. Da la'asar sai in juyo kwalbar yadda Yaya ya koya mini, in kai bakin hancinta, in ɗaga tafina, ta ja. Abin da ke ciki bai fi cikin ludayi ba, kuma warin kududdufi ya fi komai yawa a ciki. Amma kullum sai ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi, ta ji shi har ƙasan ƙirji. Da Yaya ya zo hutu ya ga abin da muke yi, ya ja ni gefe ya ce wannan fa ba magani ba ne, bai kai ya yi wa mutum komai ba. Na ce na ji. Na lura dai shi ma bai faɗa wa Inna ba.

Da rani ya shigo kududdufi ya janye ya bar taɓo mai tsagewa, sai na raini gansakukar a wata tsohuwar randa mai fasasshen baki, ina ƙara mata ruwa daga abin da ɗan garuwa ya kawo, Goggo na cewa ruwan sha nake ba ciyawa. Haka muka ƙetare zafin bazara, ni da Inna da randa, har wata daminar ta zagayo. Ciwon bai tafi ba. Yana zuwa ya murƙushe ta, mu yi ta addu'a, ya sassauta. Amma ba a sake toshe tagar nan ba.

Ƙarshen daminar ne aka yi hidimar samun mulkin kai. Gari ya ɗauka, ko'ina maganar ke nan, wai Turawa za su miƙa ƙasa. Ni abin da na sani game da shi kawai shi ne Yaya na cikin 'yan makarantar da za su yi maci, an ba su 'yan tutoci, ya zo ya nuna wa Inna tasa ta shafa. A ɗaya daga cikin kwanakin nan unguwa ta watse, yara duk sun tafi kallo, ba daka, ba kukan shanu, sai ganguna can nesa da iska ke kawowa tana mayarwa. Inna ta ce in tafi in gano mata Yaya, na ce ba ni zuwa. Goggo na ɗaki tana sallar walha. Ina zaune ina tsince wake, kunnena ɗaya na wajen fiton nan kamar kullum, sai na ji ban ji shi ba. Na ɗaga kai. Tana jingine da katanga, mazarinta a cinya, fuskarta na wajen tasar.

Abin da ban manta ba shi ne, bayan Goggo ta fito ta yi salati ta rufe ta da gwadon, bayan an aika neman maza a gari da ba kowa, na waiwaya na ga kwalbar tana nan tana aikinta. Rana ta take, kumfa na hawa ɗaya bayan ɗaya, sun fi na kowace rana yawa. Haushi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na tsaya a kanta ina so in yi ƙwallo da ita, ƙafata ta ƙi. Har aka fita da Inna tana yi, har la'asar ta yi, lokacin da nake juyo ta, ba wanda zan kai wa.

Baba ya dawo bayan an yi addu'ar bakwai. Yaya ya gama makaranta ya yi aikin gwamnati, ni na yi aure na haifi nawa. Ba mu taɓa zama mun yi maganar kwalbar nan ba, ni da shi, sai dai in mun bi ta gefen wani ruwa mai kore ya dube ni in dube shi. Yanzu Goggo ba ta, Baba ba shi, Yaya ma ya riga ni. Duk duniya ba wanda ya san an yi wannan sai ni, ga shi kuma ruwan ma an ce ba a taɓa yin sa ba.

Da muka dawo daga Ƙofar Marke ranar nan, jikata da ke karatu a jami'a ta ga na ƙi cin abinci, ta matsa mini, na ba ta labarin. Na zaci dariya za ta yi. Sai ta ce ai abin da take karantawa ke nan. Ta ce cikin koren nan na tafkuna akwai wasu halittu ƙanana da sai da madubin likita ake ganinsu, ta faɗi sunansu da Turanci, wani dogo da ban riƙe ba. Wai masana sun ce akwai zamanin da duniya ba ta da iskar da muke shaƙa ko kaɗan, ba itace, ba ciyawa, ba dabba, sai ruwa da duwatsu da irin waɗannan halittun. Su ne Allah ya sa suka yi ta shan rana suna sakin kumfa, shekaru da ba sa ƙirguwa, ba mai gani, ba mai shaƙa, har sama ta cika. Na ce to, ashe su ma sun daɗe suna yi ba wanda za su kai wa. Na tambaye ta ko abin da ke cikin tukunyar ƙarfen da ake sa mini tiyonta a hanci a asibiti shi ne na cikin kwalbarmu. Ta ce shi ne, Kaka, sak.

Hukar Inna ni ta bar wa gado, ta jira sai da na tsufa ta zo karɓar wurinta. Ɗana yaron kirki ne, ba abin da ya rage ni da shi. Ya ba ni ɗaki mai tayil da na'urar sanyi, tagogin gilashi a rufe ruf da labule mai kauri, ya kafa doka kada a buɗe, kada a bar Hajiya ta fita, wai iskar waje na tayar mata da ciwo. In ya faɗa sai in ga Goggo tsaye a bakin ƙofa, har yadda yake ɗaure fuska irin nata ne. Kowa ya fita aiki da makaranta, gidan ya yi tsit, ba daka, ba kwaɗi, sai ƙugin na'ura da fiton ƙirjina.

Shekaranjiya jikata ta shigo tana ɓoye wani abu a bayan mayafi. Kwalba ce mai faɗin baki, cike da ruwa kore, wai daga wani rami ta ɗebo a hanyar makarantarsu. Ta ɗora mini ita a kan durowa kusa da gado, saitin kaina, don in riƙa gani. Na dubi kwalbar, na dubi labulen, na dubi yarinyar da duk karatunta. Dariya ta taso mini har tari ya sarƙe ni, ta ruɗe tana neman abin feshin da nake shaƙa. Da na samu kaina na riƙe hannunta.

«Ba ta son duhu,» na ce. «Hidda ta waje. Ki dawo ki ɗauki kujerata.»